Mu Koyi Ingilishin Takardun Hanya: "Dole Ne", "An Hana" da "Sai Idan"

  Kamar yadda muka sha faɗa, ba don mu zama malaman makaranta muke wannan darasi ba, sai don falke ya san abin da ke cikin takarda kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Da yawa daga cikinmu Faransanci muka taɓa a lakwal, wasu kuwa allo kaɗai suka yi. To amma da zarar mota ta wuce Ɗan Isa ta shiga Jibiya, ko ta bar Ƙonni ta faɗa Illela, ko aka kai shanu Maigatari, ko aka ratsa Burkina aka shiga Gana ta Paga, sai takarda ta sake harshe ta koma Ingilishi. Bugu da ƙari dokar kan iyaka ba ta zama wuri guda. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, sai a Disamba na 2020 aka fara buɗewa, kuma Illela da Maigatari suna cikin na farko da aka buɗe. An sake rufewa a 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangare a Maris na 2024. A Gana ma, cikin watan Yuni na 2023, da cutar saifa ta ɓulla, hukumomin jihar Upper East, inda Bolgatanga da Bawku da Paga suke, sun hana zirga-zirgar dabbobi na wani lokaci. Duk ranar da irin haka ta faru, sabuwar sanarwa ake liƙawa, kuma wanda bai iya karanta ta ba, sai abin da aka gaya masa.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara, ina yaron wani maigidana mai kai shanu Ikko, muka loda tirela guda a bakin iyaka. Takardar likitan dabbobi ta fito, an buga hatimi, komai ya cika. Maigida ya naɗe ta ya sa a aljihun 'yar ciki, ya ce zai riga mu a ƙaramar mota ya kama mana wuri wajen fatoma. A ƙasan takardar akwai wani layi da ƙananan baƙaƙe: The animals must be accompanied by this certificate. Na karanta shi, amma na ɗauka cewa ake yi a raka dabbobi, kada a bar su da direba kaɗai, ga mu kuwa mu biyu a bayan mota. Cikin dare muka iske wani shinge, aka nemi takarda. Na ce tana wurin maigida, ya yi gaba. Ma'aikacin ya ce, "Malam, takarda raka shanu take yi, ba ta riga su." Lokacin babu wayar hannu. Kwana biyu muka yi a gefen hanya muna sayen ruwa da harawa, har bijimi ɗaya ya kwanta, muka yanka shi muka sayar wa mahautan wurin yadda suka ga dama. Da maigida ya komo sai ya ce, "Kai da na ɗauko don kana da boko, mi ka karanta?" Na ce, "Maigida, na ga kalmar rakiya, amma ban duba wanda aka ce shi ne ɗan rakiyar ba." Laifin ba na ma'aikacin nan ba ne, nawa ne. Irin wannan jumla da ta kayar da ni, ita ce darasinmu na yau.

Jumlar "an yi"

A Hausa idan ba mu so mu ambaci wanda ya yi abu, sai mu ce an yi, ana yi, za a yi, a yi. An sayar da sa. An kama mota. Ingilishi ma yana da irin wannan hanya, malamansa suna kiranta passive, a Faransanci kuwa voix passive. Mu a nan za mu riƙa ce mata jumlar "an yi". Hukuma tana son ta ƙwarai, domin ita doka ba ruwanta da sunan kowa, abin da za a yi kawai take faɗa.

Alamarta biyu ce. Ta farko, za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ƙananan kalmomi: is, are, was, were, be, been, being. Ta biyu, kalmar aikin da ke biye da ita tana cikin siffarta ta uku. Mafi yawa suna ƙarewa da -ed, kamar loaded, an loda. Inspected, an duba. Seized, an kama. Released, an saki. Stamped, an buga hatimi. Slaughtered, an yanka. Akwai kuma masu taurin kai da sai an haddace su: sell ya koma sold, pay ya koma paid, buy ya koma bought, take ya koma taken, keep ya koma kept, hold ya koma held.

Ga inda bambanci yake. A Hausa muna cewa "an biya direba", direba yana baya. A Ingilishi sai a ɗauko shi a sa a gaba: The driver was paid. Wanda bai sani ba zai ga direba a farko ya ce ai direba ne ya biya, alhali shi aka biya. Ku duba waɗannan biyu da kyau:

The dealer must pay. Dole dillali ya biya.
The dealer must be paid. Dole a biya dillali.

Kalma ɗaya ce tak ta shiga tsakani, wato be, tare da sauyin pay zuwa paid, amma kuɗi ya juya hanya. A ta farko daga aljihun dillali zai fita, a ta biyu cikinsa zai shiga. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce: in ka ga be da siffa ta uku, to wanda ke farkon jumla shi aka yi wa, ba shi ya yi ba.

Ku sani dai jumlolin da ke cikin darasin nan ni na tsara su a kan fasalin waɗanda ake gani a takardu da alluna, don koyo. Ba dokar wata ƙasa nake karanto muku ba. Dokar da ke aiki ita ce wadda ke rubuce a takardar da ke hannunku.

Kalmar da ke gaban be

Ƙarfin doka yana cikin 'yar kalmar da ta zo kafin be. Ita ce ke nuna ko tilas ne, ko izini, ko shawara.

Must be, dole ne. All cattle must be vaccinated, dole a yi wa dukan shanu allurar rigakafi. Masu Faransanci, wannan shi ne doivent être.

Shall be, a takardar hukuma ko ta yarjejeniya shi ma dole ne. Kada a ɗauke shi a matsayin "za a yi wata rana". The fee shall be paid at the gate, a ƙofa za a biya, babu zaɓi. Haka nan is to be da are to be, umarni ne.

Should be, ya kamata. Ya fi must sauƙi, amma a kan allon hukuma mai hankali yana binsa kamar tilas.

May be yana da fuska biyu. Wani lokaci izini ne a gare ka: Animals may be watered here, an yarda a shayar da dabbobi a nan. Wani lokaci kuwa iko ne aka ba ma'aikaci a kanka: Sick animals may be seized, ana iya kama dabbobi marasa lafiya. Ba a ce lalle za a kama ba, amma in an kama ba ka da ta cewa.

Akwai wasu biyu da suka yi kama amma suna hannun riga da juna. Must not be hani ne. Need not be kuwa sauƙi ne, wato ba dole ba ne. Calves must not be loaded, an hana loda maruƙa. Calves need not be counted, ba sai an ƙirga maruƙa ba, amma in ka ƙirga babu laifi. May not be da shall not be da cannot be, a takardar hukuma, duk a ɗauke su an hana.

Hani da ƙayyadewa

Sau da yawa ba za ka ga not a tsakiyar jumla ba, sai a sa No a can farko: No animal shall be slaughtered in the market. Mai gaggawa zai tsallake No ya karanta sauran, ya ce an ce a yanka a kasuwa, alhali cewa aka yi kada a yanka ko ɗaya. Kullum ka fara duba kalmar farko.

Is prohibited, is forbidden, is banned, is not allowed, is not permitted, duk ma'anarsu an hana. Is required, ana bukata, wato tilas ne. Is exempted from, an ɗauke masa: Calves are exempted from this fee, ba a biya wa maruƙa wannan kuɗi.

Restricted tana bukatar lura. In ta zo ita kaɗai, kamar Movement of cattle is restricted, an taƙaita zirga-zirga ke nan, sai ka tambayi iyakar taƙaitawar. In kuwa to ta biyo ta, to abin da ke bayan to shi ne aka yardar wa. Entry is restricted to licensed dealers ba ta nufin an hana dillalai masu lasisi shiga. Su kaɗai ne aka bari su shiga. Haka limited to: Loading is limited to 30 head per truck, kada a wuce kai 30 a mota guda.

Sai only, wato kaɗai, abin da Faransanci ke yi da ne da que. Ita only kamar turke take, abin da ke kusa da ita shi take ɗaurewa.

Only cattle may be offloaded here. Shanu kaɗai ake saukewa a nan, ban da tumaki da awaki.
Cattle may be offloaded only here. A nan kaɗai ake sauke shanu, ban da bakin hanya.
Cattle may be offloaded only in the daytime. Da rana kaɗai, wanda ya iso cikin dare sai ya jira gari ya waye.

Sharaɗi: Ingilishin "sai"

Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wannan "sai" ɗin ita ce sharaɗin da babu makawa, kuma Ingilishi yana da kalmomi da yawa da ke yin aikinta.

Unless, sai idan. Cattle will not be admitted unless they have been vaccinated, ba za a bar shanu su shiga ba sai idan an yi musu rigakafi.

Until, sai lokacin da. The truck shall not be moved until the papers have been checked, kada a motsa mota sai an gama duba takardu. Unless sharaɗi take kawowa, until kuwa jira take sawa.

Only if, only when, only after, sai idan, sai lokacin da, sai bayan. A permit can be issued only after the animals have been inspected, ba a ba da takardar izini sai bayan an duba dabbobi. Wannan jumla tana gaya maka jerin aiki: likita tukuna, sannan ofis. Wanda ya fara bin layin ofis ya ɓata safiyarsa.

Without, ba tare da. No cattle may be transported without a permit, ba a ɗaukar shanu a mota ba tare da izini ba.

Provided that, muddin. Subject to, bisa sharaɗin. Idan ka ga subject to approval a takardar ciniki, to cinikin bai faɗa ba sai wani ya amince, kada ka kashe kuɗin a zuciyarka.

Sharaɗi daban, alkawari daban

A nan ne fatake suka fi yin rigima da ma'aikata, kuma galibi rashin fahimta ne. Ba a jan sa sai da igiya, amma mallakar igiya ba ta ba ka sa. Haka sharaɗi yake. Ku gwada waɗannan uku:

The animals will not be released unless the fee is paid.
The animals will be released once the fee is paid.
The animals may be released after the fee is paid.

Ta farko cewa take ba a sakin dabbobi sai an biya. Ba ta ce biya kaɗai ya isa ba. Mai yiwuwa akwai wani sharaɗi a layi na gaba, kamar hatimin likita ko cikar kwanakin killacewa. Ta biyu ita ce alkawari: da zarar an biya za a sake su. In wannan ce a takardarka kuma kana da rasit, to kana da bakin magana. Ta uku ta bar abin a hannun ma'aikaci, ana iya sakinsu bayan biya, amma ba a ɗaure kai ba.

Saboda haka in ka ga unless ko until ko only if, karanta takardar har ƙarshe ka ƙirga sharuɗɗan duka kafin ka zaro kuɗi. Tambayar da za ka yi ita ce, "Ranka ya daɗe, in na biya wannan, akwai sauran abin da ya rage?" A Ingilishi: Is anything else required?

An gama, ko ana cikin yi?

Been da being kunne ba ya rarrabe su sosai, musamman a cikin hayaniyar kara, amma ido yana iyawa. The cattle have been inspected, an riga an duba su. The cattle are being inspected, ana cikin dubawa, ba a gama ba. The cattle will be inspected, za a duba. In yaronka ya turo maka saƙo cewa the permit is being processed, kada ka ce wa direba ya tayar da mota, takarda ba ta fito ba. Sai ka ga has been issued ko has been signed.

Wa zai yi?

Mun ce jumlar "an yi" tana ɓoye mai aiki. In an so bayyana shi, sai a kawo shi a ƙarshe bayan kalmar by. The certificate must be signed by a veterinary officer, likitan dabbobi na hukuma ne zai sa hannu. Sa hannun sarkin kasuwa ko na shugaban 'yan lodi, duk girmansu, ba zai tsaya a madadinsa ba. Wannan by ɗin ce na tsallake a labarin da na ba ku. Accompanied by this certificate: takardar ita ce 'yar rakiya, dole ta kasance cikin motar da shanu suke.

In kuwa babu by, to akwai rami, musamman a yarjejeniya tsakaninka da mai saye ko mai mota. The loading fee must be paid before departure, dole a biya kuɗin lodi kafin a tashi. To wa zai biya? Takarda ba ta faɗa ba. Losses will be shared, za a raba asara. Tsakanin wa da wa, kuma kashi nawa? Kafin ka sa hannu ka ce a ƙara by the buyer, wato mai saye, ko by the seller, mai sayarwa, ko by the transporter, mai mota. Kalmomi uku ne, amma sun raba gardamar da kan kai mutane gaban shugabannin kasuwa.

Tambayoyi huɗu

Duk takardar da ta zo hannunka, ko kai ka karanta ko ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka, ka nemi amsar waɗannan. Me aka ce a yi, ko kada a yi? Tilas ne, izini ne, ko hani? Da wane sharaɗi, kuma guda nawa ne? Wa zai yi? In mai fassara ya ce maka "ai cewa suka yi a biya kawai", ka ce ya nuna maka kalmar da yatsa, must ce ko may, unless ce ko once.

Gwaji

Ku fassara waɗannan kafin ku leƙa amsa.

1. No pregnant cow shall be sold for slaughter.
2. The driver must be given a copy of the permit.
3. Parking is restricted to loaded trucks.
4. Refunds will be made only if the receipt is presented.
5. Sheep need not be tagged.

Amsa. Ta 1: kada a sayar da saniya mai ciki don yanka. Ta 2: dole a ba direba kwafin takardar izini, shi ne mai karɓa, ba mai bayarwa ba. Ta 3: motocin da ke ɗauke da kaya kaɗai aka yarda su tsaya a wurin. Ta 4: ba a mayar da kuɗi sai an nuna rasit, amma nuna rasit kaɗai bai zama alkawarin mayarwa ba. Ta 5: ba dole ba ne a sa wa tumaki lamba a kunne.

Wanda ya ci huɗu daga cikin biyar, ya iya tsayawa gaban allon sanarwa da kansa. Wanda bai ci ba ya yanke wannan shafi ya ajiye a cikin jakar takardun mota, ya riƙa dubawa a zango. In kuma kun ci karo da wata jumla a hanya da ta ɗaure muku kai, ku kwafo ta yadda take ku kawo ofishin ƙungiya, mu warware ta tare a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka. Sai mun sake saduwa.